Mijin da Salim Ya Kashe Mini a Fesbuk

Sallama gare ku, masu bibiyata. Ku yi haƙuri in kun ga rubutun yau yana tuntuɓe, don har yanzu in na tuna abin nan sai raina ya ɓaci. Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Raliya, 'yar Nasarawa Gwom ce ni a Jos, a gidan da kakanmu ya gina tun zamanin haƙar kuza. Ban taɓa aure ba, amma akwai bayin Allah a Abuja da Legas da suka daɗe suna roƙa wa mijina gafara. Bari in ɗauko muku daga tushe.

Saƙa nake yi. Rigunan sanyi na jarirai, huluna, safa, da suwaitar 'yan makaranta. Wanda ya san Jos ya san ba sana'ar wasa ba ce, don a garin nan ko da damina sai ka ga an naɗe jariri kamar ƙunshin goro. Wadda ta koya mini ita ce Madam Nkoli, da muke kira Mama Ifeoma, wata Ibo haifaffiyar Jos da ke zaune a unguwar Congo-Russia. Baba ne ya kai ni wurinta da kansa bayan na gama sakandare, ba da daɗewa ba kuma ya rasu. Gidanta mai koren ƙyaure ne, da bishiyar fiya a gefe, da wani dakali da muke zama mu warware zare. Mijinta, Oga Obiajulu, shi ke sayar da ulu a shagon gaban gidan. In ya ga na ja hannun riga ya yi tsawo sai ya ɗaga shi sama ya tambaye ni ko wa maciji nake saƙa wa. 'Yarsu Ifeoma sa'ata ce, kwano ɗaya muke cin abinci.

Sai rikicin ƙarshen 2008 ya zo. Ba zan buɗe wannan babin ba, duk ɗan Jos ya san abin da idonsa ya gani. Abin da ya shafi labarina shi ne gidan Mama Ifeoma ya ƙone, kuma Oga Obiajulu bai fito ba. Mama Ifeoma ta kwashi 'ya'yanta ta koma wurin ƙaninta a garin Kuru, can gaba da Bukur. A waya na yi mata gaisuwa, muka yi ta kuka.

Mu gidanmu ko gilashi bai fashe ba, amma sana'ata ta kwanta. Yawancin masu sayen kayana nas-nas ne da malaman makaranta daga unguwannin da yanzu ba sa shigowa tamu, mu ma ba ma shiga tasu. Injina ya zauna a lungun ɗaki an rufe shi da tsohon zani, Inna har ta fara ɗora masa kwanon tuwo.

A wannan tsakanin Salim ya shigo rayuwata. Abokin wana Yaya Lukuman ne, yana da kafe na intanet a wajen titin Bauci, inda ɗalibai ke cika suna kiransa Oga Salim. Dogo ne, fari, kullum cikin shadda mai sitaci da agogon azurfa, wayoyi biyu a hannu yana juya su kamar carbi. Turarensa kan riga shi shigowa zaure. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya burge ni. Yana magana a hankali, kuma shi ne namiji na farko da ya ɗauki safar jariri da na saƙa ya juya ta ciki da waje yana duba ɗinkin, maimakon ya ce "sannu da ƙoƙari" ya wuce.

Shi ya fara gaya mini akwai wani abu wai shi Fesbuk. Ya ce kasuwa ce da ba ta da unguwa, babu mai tambayarka ta wace hanya ka biyo. Zai buɗe mini shafi, ya sa hotunan kayana, mutanen Abuja da Kaduna su gani su yi oda, Yaya Lukuman da yake direban bas ne ya riƙa kai saƙo tasha. Wayata 'yar ƙaramar Nokiya ce mai tocila, ba ta san wani intanet ba, Inna kuma ba ta yarda in je in zauna cikin maza a kafe ba. Salim ya ce duk wannan ba damuwa, shi zai riƙe komai, ni dai in riƙe injina.

Wata Lahadi ya zo da kyamara. Muka rataya farin zanen gado a igiyar shanya, muka jera kayan yana ɗauka. Ni kuwa na ci ado, atamfa ruwan goro da gyale mai duwatsu, na zizara kwalli. Da ya gama da kayan sai ya ce ya kamata a ga mai sana'ar. Yaya Kubra, babbar yayata, ta zo wuni da 'ya'yanta uku, ya ce in ɗauki jaririnta Sa'adu a sa masa suwaita, 'yan matan biyu su tsaya a gefena. Sannan ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce kwalliyar ta yi yawa, za ta danne kayan. In goge kwallin, in sa tsohon hijabin nan ruwan toka da nake sallar asuba da shi.

"Kada ki yi murmushi," ya ce. "Ki dubi ƙasa."

Ni a wautata na ɗauka kishi ne, ba ya son mazan duniya su ga kyawuna. Har daɗi na ji. Na sunkuyar da kai ina danne dariya, ya yi ta ɗauka.

Ba a jima ba oda ta fara sauka kamar ruwan Agusta. Aka cire wa injin zani. Tun safe nake jansa har kafaɗata ta riƙe, Inna na ɗinke maɓallai, Yaya Lukuman na loda ledoji a bas ɗinsa yana fito. Kullum wayata sai ta yi ƙara da saƙon Salim: "Sarauniyar ulu, Abuja na gaisuwa. Ki ƙara himma, gidanmu muke ginawa." In karanta in tura wayar ƙarƙashin matashi ina murmushi ni kaɗai.

A gida kuwa Salim ya zama ɗan gwal. Inna ta daina kiran sunansa, sai "ɗan albarkan nan". In ya zo za ta ware masa cinyar kaza da dankalin Turawa soyayye a kwanon da ba a taɓa ba kowa. Yaya Lukuman ya ce duk Nasarawa Gwom babu yarinyar da ta taki sa'a irin tawa. Da Salim ya ce kawunnansa za su zo gaisuwar iyaye, Inna ta sa aka sake fentin zaure.

Akwai abin da ya ɗan tsaya mini a rai, na kuma share. Lambar Salim ce a shafin, amma ina rubuta tawa a jikin leda saboda direbobi. Wata rana wata mata ta kira daga Kaduna ta ce kayan sun iso, sun yi kyau. Sai muryarta ta karye, ta shiga addu'a, Allah ya jiƙan maigidan, Allah ya raya marayu. Na ce amin, na gode, a zatona Salim ya ba ta labarin Baba. Har na ji ya ƙara girma a idona.

Ranar wata Alhamis Ifeoma ta kira ni. Ba ta amsa gaisuwata ba, ta ce in same ta a kasuwar Taminus, wajen masu sayar da karas da kabeji, inda kowa ke iya zuwa ba a kalle shi. Na yi murna, don rabona da ita tun kafin rikici. Na ɗauki wata hula da na saƙa wa Mama Ifeoma na sa a jaka.

Na same ta tsaye da lema, ta rame, ta yi aski irin na makoki da bai gama tofowa ba. Na buɗe hannu zan rungume ta, ta miƙo mini wayarta a maimako.

"Karanta," ta ce. "Ka iya Turanci ai." Haka Hausarta take, kowa "ka" ne a wurinta, da can har tsokanarta nake yi.

Shafina ne. Ga sunana, ga ni cikin hijabi ruwan toka, Sa'adu a hannu, yaran Yaya Kubra a gefe, kaina a ƙasa. Wallahi ni kaina da na ga matar nan sai da ta ba ni tausayi. A ƙarƙashi an rubuta da Turanci cewa wannan Raliya ce, an kashe mijinta a rikicin Jos, an ƙone gidanta da shagonsa, an bar ta da marayu uku da injin saƙa ɗaya da ta tsira da shi a ka. Duk wanda ya sayi riga ɗaya ya ciyar da maraya. Wanda ba ya buƙatar riga yana iya aiko da abin da ya sawwaƙa ta hannun wakilinta. Mutane sun yi ta rubuce-rubuce a ƙasa, masu addu'a, masu zagin waɗanda suka yi mini haka.

Ifeoma ta sa yatsa ta matsar da hoton. Na biyu ya fito. Gida ne ƙonanne, rufin ya rufta, bango ya yi baƙi. Amma wuta ba ta cinye koren ƙyauren duka ba, kuma ga kututturen fiya, ga dakalinmu.

"Wannan gidan wa ne, Raliya?"

Na ƙura wa ƙyauren ido. Ta ci gaba.

"A nan babana ya mutu. A bayan wannan ƙofa. Mamana ne aka bari da yara da inji ɗaya. Ka ɗauki mutuwan babana ka sayar da safa."

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Na rantse mata ban taɓa ganin shafin ba, na gaya mata yadda aka yi hoton. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce wata 'yar cocinsu ce ta nuna wa mamanta, kuma tun ranar Mama Ifeoma ta daina taɓa injinta. Ta karɓi wayarta ta juya. Hular tana cikin jakata, na kasa fito da ita. Na tsuguna a bakin kwata kusa da tulin ruɓaɓɓen kabeji, har wata mai talla ta tambaye ni ko juna biyu ne da ni.

Daga nan acaba na hau zuwa kafe ɗin Salim, karo na farko da na taka wurin. Ɗaki ne mai zafi, warin safa da na janareto, samari sun duƙufa a kan kwamfutoci. Yana zaune a teburinsa yana cin gasasshiyar masara. Da ya gan ni ya washe baki ya jawo kujera. Na ƙi zama. Na ce na ga shafin.

Na zaci zai firgita, ko ya yi musu, ko ya ji kunya. Sai ya ɗan yi dariya, ya ciro ƙwayar masara daga haƙorinsa da farce, ya dube ta, ya mayar baki. Ya ce dama yana shirin yi mini bayani bayan biki. A satin farko, in ji shi, hotunan kaya zalla ya sa, ko kare bai leƙa ba. Suwaita ai ko'ina akwai, 'yan gwanjo sun fi ni araha. Mutane ba riga suke saya ba, labari suke saya.

"Gidan fa?" na ce. "Ka san na wa ne?"

"Wani yaro ne ya ɗauko mini hotuna bayan rikici. Wannan ya fi fitowa da kyau."

"Na matar da ta koya mini saƙa ne. Mijinta a ciki ya mutu."

Ya sauke masarar daga baki, na ce a raina to, yanzu zai dawo mutum. Sai ya ce, "To ai kin ga ba ƙarya muka yi ba ke nan. Abin ya faru. Suna kawai aka canza."

Ku gaya mini, da me ake amsa wannan? Na tsaya ina kallon bakinsa yana tauna, leɓensa na ƙyalli, turaren nan da nake shaƙa a gyalena bayan ya tafi yanzu ya cakuɗe da warin ɗakin ya zame mini kamar na mushe. Na tambaye shi taimakon da ake aikowa ta hannun "wakili". Ya ce yana ajiye mana, da shi za a yi kayan ɗaki. Wato gadon da zan kwanta a kai a matsayin amarya, da gawar Oga Obiajulu za a saya. Na ce ya goge shafin yanzu a gabana. Ya ce in je gida in huce, mata ba su san kasuwa ba, kuma mabuɗin shafin a kansa yake.

A gida na zaci zan samu masu taya ni. Inna na tankaɗe a tsakar gida na zayyana mata komai. Ta yi salati, ta ce bai kyauta ba, ƙarya ba kyau. Amma ba ta ajiye rariyar ba. Can ta ce ai yaro ne, neman rufin asirinmu yake yi, in an yi aure sai in gyara shi a hankali. Ta tuna mini watannin da muka yi muna shan koko ba ƙosai. Ta ce unguwa duk ta san kawunnansa za su zo ranar Asabar da la'asar, da wane ido za ta kalli mutane?

Yaya Lukuman ya fi ta zafi. Ya ce Ibo nawa suka yi arziki a garin nan da dabara, sai mu ne za a ce mu zauna da tsarki muna hamma? Wai ita Madam ɗin me ta rasa, hoton bango ne fa kawai. Na dube shi na ce ya sani ke nan tun farko. Ya kau da kai ya shiga goge takalminsa. Ashe duk ledar da ya ɗauka zuwa tasha ya san da sunan wace bazawara take tafiya.

Ranar Juma'a ban taɓa injin ba. Ko kallonsa na yi sai in ga kamar zaren ya yi maiƙo. Bayan an sauko daga masallaci saƙon Salim ya shigo, na kwafe muku shi yadda yake:

"Sarauniya an huce? Gobe da safe wata Hajiya Murjanatu za ta zo daga Abuja, shugabar wata ƙungiyar mata ce masu taimakon zawarawa. Tana so ta gan ki da idonta, akwai maganar injina sababbi. Na yi magana da Kubra za ta kawo yaran. Ki ce nan gidan mamanki ne kika dawo. Ba kwalli don Allah. Daga wannan na yi alkawari za mu rufe."

Ina cikin karantawa Inna ta ɗaga labule. Ba ta kalle ni ba. Ta ajiye wani abu a bakin gado ta ce, "Na wanke miki, ban sa masa guga ba," ta fita da sauri. Hijabin nan ne ruwan toka. Uwata, wadda ta yi takaba ta gaskiya a ɗakin nan, a kan tabarmar nan, ita ce ta wanke mini kayan takabar ƙarya. Na fi jin ciwon wannan a kan duk abin da Salim ya yi. Na sa ƙafa na ture shi ƙasa, daga baya na ɗauke don ba laifinsa ba ne, da shi nake gaida Ubangijina.

Da safe Yaya Kubra ta iso da yara an sa musu tsofaffin kaya, tana ta kumbure-kumbure ita ma ba ta son haɗa ido da ni. Na shiga wanka. Na fito na buɗe akwati na ɗauko leshina ja mai ruwan gwal, wanda aka ɗinka don zuwan kawunnan Salim. Na ɗaura ɗankwali ya tsaya, na sa 'yan kunnen Inna na aurenta, na ja kwalli har gefen ido, na shafa jan baki. Ina jin ƙarar mota a ƙofar gida da muryar Salim yana "Bismillah Hajiya, ku shigo, ku yi haƙuri da wurin."

Hajiya Murjanatu dattijuwa ce mai tabarau, da carbi a hannu da ledar alewa ta kawo wa marayu. An shimfiɗa mata darduma a tsakar gida, ta ɗora Sa'adu a cinya tana shafa kansa, idonta ya kawo ruwa. Salim na tsugune gefe ya yi kalar tausayi, yau ko turare bai sa ba. Na ɗaga labule na fito.

Yaya Kubra ce ta fara ganina, ta dafe ƙirji. Salim ya ɗago, bakinsa ya buɗe bai rufu ba. Na durƙusa na gaida Hajiya yadda ya kamata, ta amsa tana dubana tana duban ɗakin da na fito, tana jiran bazawarar.

"Ni ce Raliya, Hajiya," na ce. "Yaron da ke cinyarki ɗan yayata ne, ga uwarsa nan, ubansa kuma yana kasuwa yanzu haka. Ni budurwa ce. Saƙar ce kaɗai tawa a shafin nan."

Salim ya fara magana, wai tun rasuwar maigidan, kaina ke ɗan taɓuwa. Hajiya ta ɗaga masa hannu ba tare da ta kalle shi ba. Ta miƙa wa Yaya Kubra ɗanta a hankali, ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Gidan da ya ƙone fa, 'yata?"

"Na gaske ne. Matar ma ta gaske ce, da marayunta da injinta. Tana Kuru. Ita ta koya mini sana'a."

"Za ki iya kai ni?"

Na ce zan iya, ko da yake ban san ko Mama Ifeoma za ta buɗe mini ƙofa ba. Hajiya ta miƙe ta karkaɗe zaninta. A bakin zaure ta tsaya ta gaya wa Salim, da murya kamar tana tambayar farashin tumatir, cewa 'yan ƙungiyarta da yawa sun aiko da taimako ta hannunsa, kuma za ta dawo ta kansa kafin ta bar Jos, don haka kada ya yi nisa.

Inna na tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu, ga tukwanen girkin baƙin la'asar a kan wuta. Ta kira sunana sau ɗaya, ƙasa-ƙasa. Na ce, "Inna, ki yafe mini, zan dawo." Ba ta ce je ki ba, ba ta ce kada ki je ba.

Direba ya ja mota muka fita daga layinmu, mata na leƙe ta kan katanga suna mamakin ina Raliya za ta da jan leshi da sassafe. Mun hau babban titi ke nan wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Yaya Lukuman ne, ashe Salim har ya kira shi a tasha.

"In kika kuskura kika shiga motar matar nan, ki nemi wani gidan, ba namu ba."

Hajiya ta dubi fuskata ta tambaya ko lafiya. Na kife wayar a cinya.

"Lafiya lau, Hajiya," na ce. "Direba, in ka kai shataletale ka bi hanyar Bukur, ita ce za ta kai mu Kuru."